Yadda Ake Kai Buƙata Gidan Babba, Daga Sallama Har Rakiya

Buƙatu da yawa tun a bakin ƙofa suke mutuwa. Mutum zai tashi da maganar da ta dace, neman aron gona, ko roƙon a sa baki a rikicin aure, ko neman a karɓi ɗansa koyon sana'a, ya je wurin wanda yake da halin yi masa, amma ya dawo da "za mu duba" saboda ya sako zancen kafin lokacinsa. Ziyarar neman buƙata gaɓa-gaɓa ce, kuma kowace gaɓa da aikin da take yi. Bayanin nan ya shafi zuwa wurin dattijo, ko malami, ko mai unguwa, ko suruki, bisa abin da aka saba a Kano da Katsina da Zariya. Sakkwato da Gobir da Damagaram suna da nasu lafuzzan, amma ƙashin abin ɗaya ne.

Lokaci da bakin ƙofa

Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da ko 'yan gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi a huta, da bayan sallar isha'i. Abin da ya hau kan ɗan gida, baƙo ya fi cancanta ya kiyaye shi. Dattijon da ba ya fita kasuwa, hantsi ne lokacinsa. Ɗan kasuwa a bar shi sai bayan la'asar, kada a tare shi da safe bai yi cinikin fari ba. Manomi da damina ba ya gida sai yamma. Tsakanin magariba da isha'i ana samun kowa a ƙofar gida ko a bakin masallaci, sai dai lokacin na gaisuwa ne, don ba a rasa mutum uku ko huɗu a kan tabarmar. Da azumi kuwa a guji dab da shan ruwa, a bari sai an sauko daga asham.

In ka isa, tsaya daga gefen ƙofa, kada ka fuskanci cikin zaure. Yi sallama da muryar da za a ji daga ciki, ka saurara kamar minti ɗaya, sannan ka sake. Sau uku ne iyaka, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Musa al-Ash'ari cikin Bukhari da Muslim. In ka ga yaro, aike shi: "Shiga ka ce ana sallama da Malam." Zai dawo ya ce wai wane ne. Faɗi sunanka da abin da za a gane ka da shi, ɗan gidan wane, na unguwa kaza. "Ka ce ni ne" ba amsa ba ce, kuma "ka ce baƙo ne" tana sa maigida ya fito da shirin wani daban, ko ya ƙi fitowa. In yaron ya ce ba ya nan alhali ga takalmansa a zaure, karɓi maganar yadda aka ba ka ita, ka bar sallahun gaisuwa, ka tafi. Wanda ya nuna ya gano dabarar ya rufe wa kansa zuwa na biyu.

Mace tana shiga har tsakar gida da sallama, ko da "gafaranku dai masu gida". A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ɗakin uwargida ake fara leƙawa ko da wurin amarya aka zo. Tsallake ta ƙaramin abu ne a ido, amma labarinsa yakan riga buƙatar isa kunnen maigida.

Zama da gaisuwa

Cire takalmi nesa da shimfiɗa. Kada ka hau buzunsa ko daddumarsa ko kujerar da ka ga alamar tasa ce, ko da babu kowa a kai. Zauna inda kanka ba zai fi nasa tsawo ba. In ya ce "hau kujera mana", ƙi sau ɗaya, in ya nanata sai ka hau. Babba ne ke fara miƙa hannu. In ya miƙo, karɓa da hannu biyu ko ka tallafe na dama da na hagu, sannan ka kai ƙirji. Baƙin tabarau da abin saurare na kunne a cire su tun a waje, waya kuma a kashe mata ƙara. Ba a ƙura wa babba ido, amma kuma sunkuyar da kai gaba ɗaya yana hana ka ganin fuskarsa, alhali a can rabin amsarka take.

Ƙarami ke fara gaisuwa, kuma da lafazin girmamawa. "An tashi lafiya?" ta fi "ka tashi lafiya?" ladabi, don "an" tana ɗauke nuni daga kansa. Malami "Allah gafarta Malam", mai sarauta "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamaninka", sa'an mahaifi Baba, ƙanen uba Baffa, ɗan'uwan uwa Kawu, 'yar'uwar uba Gwaggo. Suruki ba a kiran sunansa ko kusa.

Jerin da aka saba shi ne kwana ko wuni, sai gajiya, sai iyali, sai aiki, sai yanayin gari. Kowace tambaya da amsarta da aka yanka mata. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Ina sanyi ko ina zafi, lokacinsa ne. Ina ruwa, ya yi gyara, ko da kuwa daren jiya ya rushe katanga. Tambaya huɗu ko biyar ta wadatar. Ƙasa da biyu ana ɗaukarta gaggawa ko raini. In ta wuce bakwai, ana ta juya "ina gida, ina gajiya" ba a ci gaba, maigida zai gane roƙo ke tafe, ya fara tanadin uzuri tun ba ka buɗe baki ba.

Akwai tambayoyin da ba a yi. Namiji ba ya ce wa namiji "ina matarka", iyali ake cewa ko mutanen gida. Ba a tambayar mutum 'ya'yansa nawa. In ka tambayi uwa lafiyar ɗanta na fari da sunansa, a gidajen da ke riƙe da alkunya za ta kau da kai ko ta amsa da wata magana, kada ka ɗauka ba ta ji ba ka maimaita.

Abin da ake saurara a cikin "lafiya lau"

Nan ne masu gaggawa ke yin asara. Amsar farko kullum lafiya ce. Mutumin da ya kwana a asibiti da ɗansa, in ka ce ina kwana, lafiya lau zai ce. Ba ƙarya ya yi ba, godiya ce ga Allah, kuma ba a tarar baƙo da mugun labari. Gaskiyar halin gidan tana fitowa ne a zagaye na biyu, bayan an ɗan yi shiru, yawanci da ɗayan kalmomin nan: "sai dai", "illa dai", "da sauƙi", "mun gode Allah". In ka ce ina iyali aka ce "da sauƙi", akwai marar lafiya, don ba a samun sauƙi sai inda aka yi ciwo. In ka ce ina kasuwa aka ce "to, sai haƙuri" maimakon "da godiya", an riga an gaya maka aljihu ba nauyi. Haka in an ja "alhamdu lillahi" da ajiyar zuciya.

Saboda haka gaisuwar nan da wasu ke gani ɓata lokaci ce, ita ce ma'aunin da ke gaya maka ko yau ranar maganarka ce. Tana kuma yin wani aikin: tana sabunta sanayya. Wanda ya shekara bai tako ba, in an ce masa "kwana biyu" ko "ashe ana ganinku", an tuna masa bashin zumunci ne, kuma sai ya biya kafin ya ci sabo. Amsar ita ce karɓar laifi a taƙaice, "wallahi mun yi laifi, a yi mana afuwa", ba dogon bayanin hidimomin da suka riƙe ka ba.

In ka ji akwai ciwo, juya zancen can. "Ya mai jiki?" Za a ce da sauƙi. "Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne." In an ba ka dama ka duba shi, minti biyar zuwa goma ya isa, kuma kada ka shiga lissafa waɗanda irin ciwon ya kashe. In rasuwa aka yi ba ka ji ba, ka ce "ashe haƙuri aka yi", ka yi addu'a, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi", a shafa fatiha. Daga nan mayar da buƙatarka aljihu. Ta'aziyya ba ta haɗa hanya da roƙo. Wanda ya gama "Allah ya jiƙan rai" ya ɗora da "dama akwai wata 'yar magana" ya ɓata duka biyun: za a ce ba don mamacin ya zo ba, kuma za a daɗe ana faɗa. A bari a yi sadakar bakwai tukuna. In maganar ta shafi matar mamacin ce, musamman aure ko gado, a tuna tana takaba wata 4 da kwana 10, kuma ta hannun danginta ake bi.

Labarin daɗi ma yana da nasa haƙƙin. In haihuwa aka yi, "barka da arziki, Allah ya raya", kuma ka san cewa nan da kwana bakwai akwai ragon suna a wuyan maigida. Ba makon neman rance ba ne.

Buɗe magana

In an kawo ruwa, sha ko da kurɓi ɗaya ne. Ƙin ruwan gida yana nuna ƙyama ko fushi. Bayan ruwa akan yi ɗan shiru, kuma shirun na maigida ne, kada ka yi saurin cike shi. Shi zai buɗe ƙofa da "lafiya dai ko?" ko "Allah ya sa lafiya". Sai ka ce: "Lafiya lau, Baba. Gaisuwa ce na zo, sai kuma wata 'yar magana." In har an yi kamar minti goma bai tambaya ba, kana iya gyara zama ka ce "Allah gafarta Malam, dama ina tafe da magana". In da mutane a wurin, kada ka faɗa a gabansu, kada kuma ka nemi a tashe su. Ka ce "ina son ganin Malam in an samu sarari". Ko dai ya sallame su, ko ya ja ka soro na ciki, ko ya sa maka lokaci. Roƙo a gaban jama'a tarko ne: in ya yi, dole aka yi masa, in ya ƙi, ka kunyata shi, kuma ko wanne ya faru kai zai riƙe.

Maganar kanta kashi uku ce. Na farko tushe, jimla biyu ko uku da ke nuna yadda aka yi ka zo nan ba wani wuri ba. Na biyu buƙatar, a fili, da adadi da rana. Na uku ƙofar fita, wato kalmar da za ta ba shi damar ƙi ba tare da kunya ba. Ga misalin mai neman aron gona:

"Baba, ka san tun rasuwar mahaifinmu ba mu da wurin kai kuka sai nan. Bana gonarmu ta gado an raba, abin da ya zo hannuna ba zai ci da gida ba. Shi ne na ce ko za a taimaka mini da aron gonar nan ta bakin rafi, damina ɗaya, in mayar bayan an cire amfani. In kuma an riga an yi wani shiri a kanta, wallahi ba komai, gaisuwar ma ta isa."

Kashi na biyu ne ke ba mutane wuya. Kunya takan sa a yi ta kewaye-kewaye, ana zancen tsadar taki da halin da gari ke ciki, har babban ya amsa kewayen da "Allah ya kawo mana sauƙi" ya shafa, zance ya ƙare ba a faɗi komai ba. Ladabi yana cikin gabatarwa da rufewa, tsakiyar kuwa a faɗe ta ƙarara. In rance ne, naira nawa, zuwa yaushe, daga ina za a biya. "Ɗan wani abu" ba adadi ba ne, kuma wanda ya ce haka ɗan wani abu za a ba shi.

Kada ka ce "kai kaɗai ka rage mini", don ɗora masa nauyin da bai ɗauka ba ne. Kada ka haɗa shi da Allah da Annabi tun bai ce komai ba. Kada ka kawo abin da ya yi wa wane, wannan gori ne a fakaice, kuma ka tona cewa wanen yana yawo da sirrinsa. Habaici kuwa, ko na wani daban ne da ba ya wurin, a bar shi a gida. Babba yana jin yadda kake zancen wanda ba ya nan, yana auna yadda za ka yi nasa.

Maganar da ba a kaiwa da bakin kai

Wasu buƙatun komai iya bakinka, zuwanka da kanka shi ne kuskuren. Neman aure na manya ne, baffa ko wani dattijon dangi ke zuwa wurin waliyyin yarinya. Bikon matar da ta yi yaji, in abin ya yi tsanani, da babba ake tafiya. Neman gafarar mahaifin da ya yi fushi, a bi ta amininsa ko limamin unguwa. Sarki kuma ba a tunkararsa kai tsaye, daga mai unguwa ne zuwa dagaci zuwa hakimi, kuma wanda ya tsallake matakala ɗaya, a kanta za a dawo da shi.

Akwai kuma abokin wasa. Kaka da jika, taubasai, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, waɗannan suna iya gaya wa juna abin da wani bai isa ya faɗa ba, a yi dariya, saƙo kuma ya shiga. A Nijar al'adar ta yi ƙarfin da hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. In wanda za ka roƙa yana da taubashin da yake jin nauyinsa, tafiya da shi takan sauƙaƙa abin da wata uku na zarya ba zai sauƙaƙa ba. Amma in kai ne ƙarami, ko da akwai wasa tsakanin garinku da nasu, bari shi ya fara tsokana. In ya ce "yau bawana ne a gidan", an buɗe maka, rama kaɗan, kada ka zarce.

Fahimtar amsa

Da wuya babba ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri. Ga ma'aunin da ba ya cika kuskure: amsar da ke ɗauke da rana, ko sunan mutum, ko adadi, tana da rai. "Dawo jibi bayan la'asar." "Je ka ga wane, ka ce ni na turo ka." "Duka ba zai samu ba, amma rabi." Amsar da addu'a ce zalla, "Allah ya rufa asiri", "Allah ya hore mana baki ɗaya", ƙi ne cikin mutunci, sai ka ce amin ka yi godiya kamar an ba ka. "Ka zo a makare" ma haka. "Sai na yi shawara" tana tsakiya: in ya faɗi da wa zai yi shawarar, da gaske yake. "Za mu duba" ba tare da komai a bayanta ba, kada ka gina komai a kanta.

"To" kuwa sai an saurari muryar. Gajeriyar "to" mai kaifi karɓa ce. Wadda aka ja, "tooo", mamaki ne ko shakka. "To, shi ke nan" bayan dogon shiru sau da yawa rufe zance ne. A kula da gatse, musamman daga iyaye: "Ai kai ne mai iko, je ka yi abin da ka ga dama" ba izini ba ne, hani ne mafi tsanani, kuma wanda ya ce "na gode" ya tashi ya jawo wa kansa. Shiru ma amsa ce. Shirun budurwa ne malaman fiƙihu suka ce yarda ne, na dattijo ba haka yake ba.

In an sa maka rana, je a ranar, kada ka riga ta, kada ka wuce ta. In ka je ba a ce komai ba, gaisa ka tafi, zuwanka ma tuni ne. Tuni da baki sau ɗaya ake yi, "Baba, maganar nan ce na ce bari in ji ko da wani abu". Na biyu ta bakin wani. Bayan wannan an ba ka amsa.

Tashi

Kada ka miƙe da zarar ka ji abin da kake so, ko wanda ba ka so. Ƙara minti biyu ko uku ana taɓa wani zancen, sannan ka ce "bari in koma". Za a ce "tun yanzu?" ko "ka tsaya a kawo abinci", wannan karamci ne, sai dai in an nanata har sau biyu ko ka ga an riga an ɗauko kwano. Tsaraba, goro ko dabino ko turare, tun da farko ake ajiye ta a gefen shimfiɗa ko a ba yaro ya shiga da ita. Wadda aka zaro bayan an faɗi buƙata sunanta toshiya.

In ya tashi zai taka maka, kada ka yi saurin hawa babur. Tura shi a hannu, ku taka tare. Maganar da ba ta faɗuwa a zaure saboda kunnuwan da ke bayan labule, a 'yan takun nan ake faɗinta, kuma sau da yawa a nan hannu ke shiga aljihu. In kun yi kamar taku ashirin, kai za ka tsayar da shi: "A koma haka, Baba, na gode, Allah ya ƙara girma." Zai ce ka gaida gida, ka ce za su ji, kuma in ka isa ka isar da gaisuwar, don yana iya tambaya.

In buƙata ta biya, godiyar wurin ba ta wadatar ba. Washegari ko bayan kwana biyu a koma, ko a tura babba ya yi godiya a madadinka, ta biyun ma ta fi nauyi. Waya tana iya ɗaukar wannan in akwai nisa, da sharaɗin kira ne, ba rubutaccen saƙo ba, kuma kai ne mai kiran, ba ka yi filashin ka jira ya biyo ka da katinsa ba. A wayar ma jerin bai canza ba, an dai gajarta shi: sallama, sunanka, tambaya biyu, sannan "ko Baba yana da sarari in yi magana?" Saƙon murya na WhatsApp ga babba kada ya wuce minti ɗaya, kuma abin da ya dace ya ƙunsa shi ne neman ranar da za ka zo.